Yadda zaka sayi dufles a Abuja ba tare da ka sayi rigima ba

Wajen ƙarfe goma na dare ɗan baffana ya kira ni, tun daga sallama naji muryar ba daidai take ba, wai wasu mutane sun zo da rana sun liƙa takarda a get ɗin gidansa cewa banki zai sa gidan a kasuwa. Gidan da ya biya kuɗinsa cas, lakadan ba ajalan ba, shekara huɗu yana ciki da iyalinsa, bai taɓa cin bashin banki ko na sisi ba. Abun da ya faru, gidan nasa irin dufles ɗin nan ne, wato gida mai bene, tagwaye, gida biyu katanga ɗaya a tsakiya, mutumin da ya gina ya sayar masa da ɓangaren hagu ya riƙe na dama, da aka zo maganar takarda yace ai C of O ɗin, wato takardar shaidar filin ta gwamnati, guda ɗaya ne na filin gaba ɗaya ba yadda za'a tsaga shi biyu, ga fotokwafi ga yarjejeniya ga sa hannun shaidu, shi kuma ɗan baffan nawa yaga mutumin kirki ne sahu ɗaya suke sallah, ya karɓa. Bayan shekara biyu mutumin ya ɗauki asalin takardar ya kai banki jingina. Banki kuma ina ruwansa da hagu da dama, fuloti ɗaya ya gani a takarda. Har yau ana kotu.

Toh shi yasa duk wanda yace min ya ga dufles yana so, bana tambayar ɗaki nawa ne ko tayil ɗin na Sifen ne, tambayata ɗaya ce, sunan wa ke kan takardar filin, kuma mutum nawa ne suka rataya a jikin wannan takardar.

Dufles iri uku ne a kasuwa. Akwai mai zaman kansa, shi kaɗai a filinsa da katangarsa zagaye, wannan rigimarsa da sauƙi. Akwai tagwaye irin na ɗan baffana. Sai kuma teras, wanda ake jera huɗu ko shida kamar taragon jirgin ƙasa, yanzu su suka cika Jahi da Guzape da Katampe da Life Camp saboda fili yayi tsada, mai gini gara ya yanka fuloti ɗaya ya fitar da gida shida. Biyun ƙarshen nan su ne suka fi araha kuma su ne suka fi jawo shari'a, dan kusan kullum takarda ɗaya ce masu gida da yawa.

Sai ka fahimci wani abu tukuna game da fili a Najeriya. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, filin kowace jiha yana hannun gwamna ne a matsayin amana, kai abun da kake samu izinin zama ne, yawanci na shekara 99, shi ne C of O ɗin da ake ta magana. A Abuja babu gwamna, filin na gwamnatin tarayya ne kuma ministan Abuja ne yake bayarwa. Wannan ba ƙaramar magana bace, domin zaka ga an kawo maka takarda mai tambarin AMAC, wato ƙaramar hukumar cikin birnin Abuja, ko Bwari ko Kuje ko Gwagwalada, ko ma ta hakimi, ana ce maka ai takardar ƙaramar hukuma ce mai kyau ce. Kotun ƙoli tun 2008 a shari'ar Madu da Madu ta riga ta faɗa cewa a Abuja ta hannun minista ake samun fili. Takardar kansul, wato ta ƙaramar hukuma, in ba'a kai ta AGIS, ofishin bayanan filayen Abuja, an tantance an daidaita ta ba, ka ɗauka kawai kana riƙe da sa rai ne, ba mallaka ba. Bance kada ka saya ba, mutane da yawa a Lugbe da Kubwa da Karu a kanta suke zaune, amma kada ka biya kuɗin mai C of O a gidan da takardarsa ta kansul ce.

Abu na farko kenan da zaka yi, kafin ko kafin alƙalami, ka ɗauki lauyanka. Naka, ba na mai gida ba, ba wanda dillali yace yana da wani barista da ya saba yi musu aiki ba. Dillali la'adarsa yake jira, in ciniki ya faɗa ya ci in ya watse ya tashi a tutar babu, kaga kuwa ba shi zai ce maka akwai matsala ba. Lauyan zai je AGIS yayi binciken fayil, ita ce hukumar da aka kafa a 2003 lokacin El-Rufa'i yana minista, duk bayanan filayen Abuja can suke. Ana buƙatar kwafin takardar da kuma yardar mai gidan, in kaji ya fara kame-kame wai yana Dubai wai takardar tana wajen yayansa, ruwa baya tsami banza. Rahoton zai nuna sunan mai filin, lambar fuloti, girmansa, abun da aka bada shi dominsa wato gidan zama ne ko kasuwanci ko makaranta, da kuma ko akwai jingina ko wata ƙara a kansa. In Gwarinpa ne cikin gidajen hukumar gidaje ta tarayya, FHA, sai an je ofishinsu suma an duba fayil. A Kano KANGIS ce, Kaduna KADGIS, in ka tsallaka Mararaba da Masaka kuma ka shiga Nasarawa, NAGIS kenan, kar wani ya ruɗe ka da cewa duk Abuja ce.

Kuma dan Allah rahoto kaɗai bai isa ba. Ana yin fayil na gaskiya a nuna maka gida na ƙarya. Ka ɗauki safiyo ya je ya ɗauki lambobin wurin ya gwada da taswirar da ke jikin takardar, a tabbatar gidan da ka shiga ka yaba ɗin shi ne a kan fulotin da aka bincika. Sannan ka ga mai gidan ido da ido, ka gwada fuskarsa da hoton da ke jikin C of O da katinsa na ɗan ƙasa. In kamfani ne mai sayarwa a duba CAC, hukumar rajistar kamfanoni, su waye daraktoci, wa ke da ikon sa hannu, kuma ko sun yi rajistar wani bashi da kadarorinsu.

Yanzu mu dawo kan takarda ɗaya masu gida da yawa, dan nan ne gizo ke saƙar. A estet estet ɗin Lokogoma da Galadimawa da hanyar filin jirgi, abun da aka saba shine gwamnati ta ba kamfani babban fili, kamfani ya gina ya sayar, kai kuma abun da zai baka takardar alokeshin ce, wato ta nuna an ware maka gida, mai tambarin kamfanin. Wannan takardar tsakaninka da kamfani take aiki, a fayil ɗin gwamnati babu sunanka. In kamfanin ya jinginar da babbar takardar, ko bai cika sharuɗɗan da aka bashi filin ba aka soke, ko daraktocin suka yi faɗa a tsakaninsu kowa na sayar da gida ɗaya ga mutum daban, duk kana ciki. Saboda haka ka tambaya a baka kwafin babbar takardar lauyanka ya bincika ta, ka tambaya ko a cikin estet ɗin akwai wanda ya taɓa samun takarda da sunansa, kuma kaje da kanka bayan la'asar ba tare da dillali ba ka zauna da masu gadi da mutum biyu uku na ciki. Wallahi abun da mai gadi zai gaya maka a minti goma wani lokacin yafi rahoton ofis.

In tagwaye ne na mutum ɗaya ba na kamfani ba, hanya mafi tsafta a nemi hukuma ta raba fulotin kowa ya samu takardarsa, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa wani kaso na kuɗin ba zai fita daga hannunka ba sai an gama wannan. In rabawar bata yiwu ba saboda ƙanƙantar fili, toh aƙalla a yi takardar miƙa mallakar ɓangarenka da taswirarsa a jiki, a yi mata rajista ta shiga fayil ɗin, yadda duk bankin da ya zo bincike gobe zai ganka a ciki. Asalin C of O kuma kada ya zauna a durowar mutum ɗaya, a ajiye shi inda sai da sa hannun ku biyu zai fito. A rubuta har ƙananan abubuwa, katangar tsakiya ta waye, in rufi ya yi yoyo ta wajen haɗin wa zai gyara, bohol da sokawe da get in na tarayya ne yaya za'a raba kuɗin gyara, maƙwabci zai iya mayar da nasa ɓangaren gidan saukar baƙi ko makarantar yara? Yanzu zaka ga kamar ƙananan maganganu ne, sai ranar da ya fasa katangar da ke ɗauke da dekin ɗinku ku biyu yana faɗaɗa falo.

Sai maganar fawa of atoni, takardar wakilcin nan da kusan rabin cinikin gidajen Abuja a kanta ake yi saboda tafi sauri da araha. Kotun ƙoli a shari'ar Ude da Nwara a 1993 tace ita wannan takardar ba ta mayar da mallaka, wakilci ne kawai aka baka kayi abu a madadin mai shi. Abun da ke mayar da gida naka shine takardar miƙa mallaka wadda lauyoyi ke cewa did, tare da amincewar minista, ko gwamna in a jiha ne. Sashe na 22 na dokar 1978 ne ya wajabta amincewar, sashe na 26 kuma yace cinikin da aka yi ba bisa dokar ba banza ne. Kuma ba wasa ake ba, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 mutumin da ya jinginar da kadararsa da kansa ne ya je kotu yace jinginar da yayi ba'a nemi amincewar gwamna ba, kotun ƙoli kuma ta rushe jinginar. In banki da lauyoyinsa suka faɗa wannan ramin, kai fa? Eh akwai kuɗi, kuɗin amincewa, hatimi, rajista, ga zirga-zirga, amma ka saka su cikin lissafin sayen gidan tun farko, kar ka ƙarar da komai a labule da kujeru kace takarda sai an samu sarari.

Harajin fili na shekara shekara ma mutane sun mayar da shi ba komai ba sai da aka ga aiki. A watan Maris 2025 minista Wike ya soke takardun filaye 4,794 saboda sun haura shekara 10 basu biya ba, a watan Mayu aka fara garƙame gine-gine har da sakatariyar PDP ta Wadata Plaza, sai da shugaban ƙasa ya sa baki aka bada ƙarin kwana 14. Bashin yana bin filin ne, duk wanda ya saya ya gada. A fito maka da rasit na ƙarshe, in akwai saura a cire daga kuɗin gidan a biya a gabanka.

Takardar fili daban, izinin gini daban. Sashen kula da tsarin gine-gine na Abuja su ne masu jan fenti da katafila, kuma basa tambayar wa ya gina, wanda suka tarar a ciki shi ke kwashe kaya. Ka nemi zanen da aka amince da shi mai hatimi ka ƙirga da idonka, in an amince da gida huɗu ka tarar da shida, biyu daga ciki haramtattu ne kuma baka san ko naka na ciki ba. Haka boskwata da aka manna a baya, haka gidan da ke ƙarƙashin babbar wayar wuta ko kan hanyar da ba'a riga an fasa ba. Mutanen Kano sun ga abun da ya faru a Yunin 2023 da ginin Daula da shagunan filin idi, waɗanda suka saya suna da takardu a hannu, gwamnati ta canza aka ce filin jama'a ne. Duk gidan da asalin wurinsa makaranta ne ko lambu ko filin gwamnati da aka yanka kwanan nan, ni dai bana kusantarsa.

Ruwa kuma, kaje ganin gida da damina. Wanda ya ga Lokogoma a Janairu bai ga Lokogoma ba. A Yunin 2023 ruwa ya shanye gidaje a estet ɗin Trademore da ke Lugbe har hukumar Abuja ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. In da rani ka je, duba gindin katanga ta waje, layin da ruwa ya tsaya baya ɓuya ko an yi sabon fenti, kuma in kaga fenti sabo fil a ƙasan bango kawai sama tsoho, ka tambayi dalili.

Wani abun da mutane basa kawowa a rai shine da wane kuɗi aka gina gidan. A Disamba 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani estet mai dufles 753 a Lokogoma bayan ƙarar EFCC. Ka ɗauka kai ne ka bada rabin kuɗi a irin wannan wurin, wa zaka bi? In kaji gida na miliyan 200 ana cewa kawo 120 yau yau mai shi yana sauri, ka tambayi kanka me yake gudu. Kuɗin kuma ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda, ba na dillali ba, ba na matarsa ba, ba na wani kamfanin ƙaninsa ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10, kaga masu zuwa da dala a jaka suna ƙirgawa a falo laifi suke yi kuma basu da shaidar biya in rigima ta tashi.

Gidan gado shi kam sai ka ninka haƙuri. Babban ɗa ya zo yace shi ke magana da yawun kowa, ƙarya ne sai ka gani a rubuce. A kawo takardar rabon gado ta kotu ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, duk magada su sa hannu, har matan da ke gidan aure a wani gari da wanda ke karatu a waje, marayu ƙanana kuma ta hannun waliyyinsu da sanin alƙali. Akwai kuma shuf'a, wadda 'yan boko da yawa basu san da ita ba. A mazhabar Malikiyya in mutum biyu suna tarayya a gidan da ba'a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyar yana da ikon ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe. A Risala an ce wanda yake gari haƙƙinsa na faɗuwa bayan shekara, wanda baya nan kuwa yana kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa. Tagwayen dufles da uba ya mutu ya bar wa 'ya'ya ba'a fitar da iyaka ba, ka sayi rabi, bayan ka gama gyara wani ya sauko daga Saudiyya yace yana so. Ka sa abokin tarayyar ya rubuta cewa an yi masa tayi ya haƙura.

Gidan da ke kan takarda, wanda ake nuna maka hoton kwamfuta ace fara biya nan da wata 18 ka karɓi makulli, cinikin biri a sama ne, sai dai wani birin yana saukowa. Matsalar ko mai ginin na Allah ne farashi na iya karya shi, buhun siminti da ake saye wajen 5,000 a 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, rodi ma haka, sai kaji an turo wasiƙa wai a ƙara kaso kaza ko a mayar maka da kuɗinka, kuɗin da darajarsu ta riga ta zube. In zaka shiga, biya ya zama mataki mataki, an gama fandisho ka biya, an zuba dekin ka biya, an yi rufi ka biya, a rubuta ranar miƙa gida da tarar jinkiri, a rubuta ƙarara ko farashin na iya canzawa da iyakar canjin. Kuma kaje ka ga wani aikin da suka taɓa gamawa, mutane na ciki suna kwana.

In da bashi zaka saya, bankunan kasuwanci ruwansu ya haura kashi 20, wannan ba bashin gida bane, igiya ce. Na asusun gidaje na ƙasa ta FMBN, bankin bada lamunin gidaje na gwamnatin tarayya, kashi 6 ne har zuwa shekara 30, ma'aikatan gwamnati dama ana cire musu kashi 2.5 na albashi duk wata, sai dai jira. Tun 2022 hukumar fansho PenCom ta yarda mutum ya ɗauki har kashi 25 na asusun fanshonsa ya bada a matsayin kason farko. Wanda baya son ruwa akwai su Jaiz da TAJ da Lotus masu tsarin ijara da murabaha, wato haya da sayarwa a kan riba sananniya, amma nan ma ka zauna ka tara jimillar abun da zaka biya daga farko zuwa ƙarshe ka gani. Duk cikinsu babu mai karɓar gida marar takarda mai kyau, shi yasa in banki ya ƙi gidan, ka ɗauka ya yi maka bincike kyauta.

Bayan saye ma aljihu bai huta ba. La'adar dillali kashi 5 aka saba, ga na lauya, ga sabis caj na estet duk shekara wanda in baka biya ba wasu har wuta suke yanke maka ko su hana motarka shiga, ka tambaya nawa ne, wa ke ƙayyade shi, kuma tsohon mai gidan ya bar bashi ko a'a. Ka duba mita, ko akwai bashin AEDC, kamfanin wutar Abuja, a kanta, kuma in layin Band A ne, na masu samun wuta mafi yawa, ka tuna a Afrilu 2024 aka kai shi naira 225 kowane yunit, dufles mai AC biyar ba wasa bane. Ka biya injiniya mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi, ya duba ginshiƙai da dekin da matakala, dan gidan da aka gina domin sayarwa fi'ofi da fitilu ake kashe wa kuɗi, rodi da siminti kuma a tsuke.

In akwai ɗan haya a ciki kada ka yarda da ai zai tashi ƙarshen wata. A dokar Abuja mai biyan shekara notis ɗin wata 6 ake bashi, bayan ya ƙare a ƙara na kwana 7, in ya ƙi fita sai kotu, kuma in ka cire masa ƙofa ko rufi kai zaka koma wanda ake ƙara. Ka nemi takardar hayarsa da rasit ɗinsa na ƙarshe, dan wani mai gidan sai ya karɓi hayar shekara biyu gaba sannan ya sa gidan a kasuwa. Ko dai a miƙa maka gida ba kowa a ciki ranar biyan ƙarshe, ko ɗan hayar ya sa hannu cewa ya san kai ne sabon mai gida da ranar da kuɗinsa zai ƙare. Ranar kuma asalin takardu a hannun lauyanka kafin ka danna tiransifa, ka zo da kafinta a canza makullai kafin magariba.